A jingine tuta: baitoci ga Malam Aminu mai alli

Ɗan Sudawa · 17 Afrilu, 6:40 na safe

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ce ranar da Allah ya karɓi ran Malam Aminu Kano a 1983. Duk shekara masu manyan riguna ne ke cika Mambayya, gidansa na Kano, da jawabi. Ni malamin firamare ne, kuma gani nake an ƙwace mana shi. Kafin jam'iyyunsa, NEPU da PRP, bawan Allahn nan alli ya riƙe: ya koyar a Midil ta Bauchi, ya je London ƙaro ilimin koyarwa a 1946, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru har ya ajiye aiki a 1950. Sharaɗina biyu ne: amsa-amo "ra", kuma ban da tuta.

Da sunan Ta'ala nake son shiga,
Wurinsa kaɗai za a sam gafara.

Salati ga Manzo da alai duka,
Sahabbai, da mai bin su har lahira.

Watan huɗu, ran sha bakwai, mun tuna
Da Malam Aminu, cikar shekara.

A jingine tuta, a bar gangami,
A yau ba batun masu yin takara.

Mu gan shi da alli gaban 'yan aji,
A Bauchi, karatu da kyan fassara.

Ya ƙetare teku ya ƙaro sani,
Ya dawo ya sauka Marun Zamfara.

Ya ce malamai, ku haɗo kawuna,
A ƙungiya ne za a amsa kira.

A hamsin ya ajje kujerar Maru,
Ya bar musu albashi, babu jira.

Aji dai ya sake: Arewa duka
Ta zam ɗalibarsa, gari, karkara.

Ta'ala ka sanyaya kabrin gwani,
Na miƙa, a karɓa, a yo hattara.

Na Zungur · 7:15 na safe

Amin summa amin. Amma Malam Ɗan Sudawa, ka taɓo Bauchi ka wuce kamar mai tsallake kwata. Zauren tattaunawar da aka buɗe a garin nan a 1943, wanda zafinsa ya sa hukuma ta rufe shi, ai nan aka yi renon bakin Malam.

Aboki, ka ambaci Bauchi ka zarce,
Kamar wanda bashi ya sa zabura.

Matashi ya zo mana, ɗanyen jini,
Sa'adu na Zungur ya ba shawara.

Da shi da Balewa, dare in ya yi,
A zaure ake yin ta, ba sarara.

Tama ce ta Dala, maƙera a nan,
A nan aka wasa ta har ta dara.

Bazazzagi · 7:22 na safe

Ku matsa gefe, ubangidanku ya iso.

Kanawa bayina ku ja da baya,
Ku koma Kwari ku auna atamfa ku ƙara.

Malam Sa'adu a Zariya ya koyar tukuna,
Makarantar haɗa magunguna, kafin Bauchi ta farga ta fara.

Kwalejin da Malam ya gama a Kaduna,
Ina ta koma a 1949? Zariya! Barewa! Sai ku yi hattara.

Ilimi namu ne, ciniki naku ne,
Mu riƙe alƙalami, ku riƙe mudun masara.

Mai Aruli · 8:03 na safe

Inna lillahi. Bazazzagi, wannan waƙa ce ko takardar koke? Mai zaure ya ɗora mu a kan karin waƙa na Mutaƙarib. Ji yadda yake sauka: da-su-nan / Ta-'a-la / na-ke-son / shi-ga. Gajerar gaɓa ɗaya, dogaye biyu. Kai kuma ka cusa 1949 a tsakiyar ɗango, ko da lasifika aka rera shi sai numfashi ya ɗauke.

Bazazzagi, baitinka na ɗingishi,
Ƙafa ɗai a karye, guda kumbura.

Fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'ul,
Da shi Ɗan Sudawa ya buɗe kira.

Gajera guda, doguwa har biyu,
Ka watso su birjik kamar ƙanƙara.

Bazazzagi · 8:31 na safe

Allah gafarta Malam. Tunda awo kake so, ga awo.

Halilu na Basra gwanin Larabawa,
Kalangu a gunsa kamar almara.

Kana auna baiti kamar mai tiya,
Jinin Kurmi ne kai, a bar takara.

Muna zub da ƙwalla, kana ƙirga ta:
Bakwai ne ɗigon, ko takwas, ko tara?

Mai Aruli · 8:34 na safe

To ga shi ka iya. Me ya hana tun farko? Lalaci ne kawai. Kuma ni ba Bakano ba ne, kar ka sa ni cikin bayinka.

Ɗalibar Hausa · 8:50 na safe

Afuwan Malam, ni a kunnena kamar Mutadarik nake ji.

Mai Aruli · 8:52 na safe

'Yata, wa ya koya miki? Mutadarik fa'ilun ne: doguwa, gajera, doguwa. Shi ne kari na 16 da Ahfash ya ƙara a kan 15 ɗin Halilu, uban arulin Larabci. Rera "da sunan" ki ji, da gajera ya tashi. Ki sake komawa littafinki.

Ɗalibar Hausa · 8:58 na safe

Na karɓi gyara, Malam, na gode,
Amma jarrabawa ta wuce tun bara.

Na Zungur · 9:01 na safe

Kai jama'a. Mun zo ta'aziyya mun ɓige da ajin aruli. Kuma Bazazzagi, amsa mini: in Zariya ce ta yi Sa'adu, me ya sa ba a ce masa Sa'adu Tudun Wada?

Gwaggo Mai Makulli · 11:47 na safe

Ku yara kun cika mini kunne da Fa'ulun. Ni ban san shi ba, ba ɗan unguwarmu ba ne. Ni da "ra" kuma ba ma shiri tun da haƙoran gaba suka zube, don haka da "na" zan yi, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. Jikata ce ke danna mini wayar saboda ido ya yi rauni, amma na iya rubutu, kar wani ya ce. Zaɓen 1979 nake ba ku labari, lokacin da makulli ne alamar Malam a takardar zaɓe, karon farko da matan Arewa muka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa.

A saba'in da tara, da goyon ɗana,
Na bi layin mata a tsakar rana.

Na dangwala yatsa a gefen makulli,
Tawada ta kwan uku a hannuna.

Ina wanke-wanke ina dubanta,
Na ce wai wannan shi ne sunana?

Malam ya so mace ta yi zaɓe, mun yi,
Ya so ta yi karatu, shi ne bashina.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma,
Da guntun fensir a ƙullin zanena.

Kishiya na dariya, wai tsofai-tsofai,
Na ce ki yi ta yi, ba da ke zan kwana a kabarina.

Malama ta kama hannuna muka ja "H",
Ta fito kamar tsani a bayan ɗakina.

Wata shida na rubuta wasiƙa da kaina,
Zuwa ga yayata, ba wanda ya ji sirrina.

Yau ni ke da aji a zauren gidana,
Asabar da Lahadi, kyauta, don Ubangijina.

Ɗan Sudawa · 11:58 na safe

Allahu Akbar. Gwaggo, an yafe miki "ra" har abada. Tsanin nan na bayan ɗaki ya fi duk abin da na rubuta da safe.

Ɗan Santsi · 12:10 na rana

Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: wa ya buɗe ajin? Gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, har UNESCO ta yaba mata. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Da PRP ta rabe, mu 'yan Rimi ne santsi, ɓangaren Malam kuma taɓo.

Ajin nan da Gwaggo ta je ta shiga,
Na Rimi ne, kowa ya san shekara.

Hukumar karatu ta manya ya yi,
Ta ratsa cikin birni har karkara.

Haraji da jangali wa ya kashe?
Da santsi ake tafiya, ba jira.

Taɓo sai ya kama ƙafar mai gudu,
Ya bar shi tsugunne yana yin bara.

Taɓo Ba Saki · 12:19 na rana

Na san za ku fito. Da tutar wa aka ci zaɓen da aka soke harajin? Da makullin wa? Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna, duk inuwar Malam ce. Ku ba mu labarin 1983, da kuka koma jam'iyyar NPP.

Ka ce mini santsi ina ya tsaya?
Ya kwashe ƙafarku cikin takara.

A yar da makulli, a sauya gida,
Ashe Sabo ne zai ci, ga nasara.

Uba na da ransa ɗiya sun ƙi ji,
A yau ku ke kuka a kan makara.

Ɗan Santsi · 12:21 na rana

Wata uku Sabo Bakin Zuwo ya yi a kujerar gwamna, soja suka zo. Wannan ce nasarar?

Taɓo Ba Saki · 12:22 na rana

Wata uku da mutunci.

Ɗan Santsi · 12:22 na rana

Ka mayar da shi baiti in ka isa.

Ɗan Sudawa · 12:40 na rana

Na ce ban da tuta! Ban tashi daga aji ba kun mayar mini da zaure filin daga. Shekara arba'in da ɗoriya, har yanzu santsi da taɓo? Ku da masu sayen jar dara yau su ce su ne magada, ga naku gaba ɗaya. Mutumin nan ya yi kwamishinan tarayya zamanin Gowon, sadarwa sannan lafiya, ku je Gwammaja ku ga abin da ya bari.

Dara ja a kasuwa, kowa ya sai,
Halin mai darar ne ya zam almara.

Gida ɗai a Gwammaja, nan ya tsaya,
A nan aka sa shi, ina kadara?

Wanda ya sake ambaton jam'iyya, sai ya biya tarar baiti goma, Mai Aruli ya duba.

Mushen Damagaram · 4:55 na yamma

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Na makara, sai yanzu muka tashi daga lakwal. Mai zaure ka yi haƙuri, zan ambaci jam'iyya amma ba taku ba ce. Kalmar Sawaba da 'yan NEPU ke kira, mu ma a nan sunan jam'iyyar Jibo Bakari ke nan, wanda ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardamar Dagol na Faransa ta 1958, aka haramta ta a 1959. Shi ma daga aji ya fito.

Sawaba a can, mu Sawaba a nan,
Iyaka kawai zane ne na Nasara.

Jibo namu shi ma da alli ya soma,
Mushe ne na lakwal gabanin takara.

Ku ce mana, me ke cikin allin nan,
Da ke hana mai shi ya kwan sarara?

Bazazzagi · 5:02 na yamma

Tsaya tsaya. Mushe? Kai da bakinka?

A nan in ka ce mushe, sai ungulu
Ta sauko, da kura, a yo shawara.

Mushen Damagaram · 5:06 na yamma

Kalmar Faransawa ce ta girmamawa, haka yara ke kiran malaminsu a nan. Ku da kuke ce wa naku "ticha" kamar ana korar akuya, da me kuka fi mu?

Tsohon Hedimasta · 9:30 na dare

Na karanta duka, tun daga bismillah har ungulu. Na yi dariya har na yi tari. Amma Bazazzagi ɗana, zo nan. Na kama aiki da takardar Gired Tu, UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, ta same ni a ƙauye a 1976. Ga tawa da ƙwar biyar, irin ta mutanen da.

Bazazzagi ɗana, ka bar dariya,
Na Zindar ya furta batun gaskiya,
Mushe can da girma, a nan ko wuya,
Talatin da biyar ina juriya,
Na ƙare da tari da 'yar fatara.

Zuwan UPE, yara sun zo tuli,
A gindin maɗaci da allon kwali,
Baƙi na biya musu har wasali,
Na rene su sannu cikin hankali,
Da keke na je, ko ana ƙanƙara.

A yau ga ni layi na tantancewa,
Fayil wai ya ɓata, ana dubawa,
Akawu ya dube ni ba gaisuwa,
Ashe ɗan ajina ne, mai mantuwa,
Ya ce, Baba, gobe ka dawo, jira.

A Gwammaja na gan shi sanye fari,
Gajere, amonsa ya ratsa gari,
Watan azumi ne, ana tafsiri,
Talakka a gefe da attajiri,
A tabarma ɗai, babu mai hantara.

Da na tuna ƙungiyar da ya haɗa wa malamai tun 1948, sai in ce ya hango layin nan da nake bi. Yaron kuwa ban tuna masa ba. Na ga yadda ya riƙe biro, da ɗan yatsa a miƙe, yadda na yi ta hana shi a aji uku bai bari ba. Da haka na gane shi. Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙan iyayenmu.

Na Zungur · 9:41 na dare

Amin Baba. Wallahi na ajiye wayar na ɗan jima kafin na iya rubutu. Bauchi ta sallama.

Bazazzagi · 9:44 na dare

Baba na tuba. Na janye ungulu, na janye kura. Zariya ba ta sallama wa Kano ba, amma ta sallama maka.

Mai Aruli · 10:05 na dare

Ranka ya daɗe Baba, wannan ita ce waƙa. Amsa-amon ciki ya zauna daram, ya, li, wa, ri, ga "ra" tana rufe kowane baiti. Abu ɗaya tak: "talatin da biyar". Da-bi-yar, gajeru biyu ne suka haɗu a inda ake son ɗaya.

Ɗan Santsi · 10:06 na dare

Kai wannan mutum!

Taɓo Ba Saki · 10:06 na dare

Yau dai ni da Ɗan Santsi jam'iyyarmu ɗaya. A fitar da shi.

Dattijo na kukan fansho da giratuti,
Kai kana neman gajera a cikin shara.

Ɗan Santsi · 10:09 na dare

Naka ma ya karye amma na sa hannu.

Ɗalibar Hausa · 10:12 na dare

Malam, to ya zai yi? Shekara 35 ya yi. Ya rage biyar don fa'ulun ta ji daɗi?

Mai Aruli · 10:30 na dare

Ku taru a kaina, ba komai. Malami muke tunawa, kuma ban san malamin da ke mayar da littafi ba jan biro ba.

Idan malami bai yi gyara ba, wa?
Aji babu jan biro ai kangara.

Ga Baba na durƙusa, ba gardama,
Gaɓa ɗai kawai ce ta ɗan zabura.

Tsohon Hedimasta · 18 Afrilu, 5:50 na asuba

Ku ƙyale shi, gaskiyarsa. Na ji ta tun ina rubutawa, na bar ta. Biyar ɗin nan ta ƙarshe ita ta fi ba ni wuya a aikin ma, bari ta yi ɗingishi a waƙar.

Mushen Damagaram · 18 Afrilu, 1:20 na rana

Ba wanda ya amsa tambayata ta alli. Na bar muku bashi har baɗi.

Gwaggo Mai Makulli · 20 Afrilu, 7:05 na yamma

To masu baitoci, kun yi shiru. Ni ga tawa buƙatar. Yarinyar da ke koya wa matan ajina lissafi ta tare a gidan miji, nesa. Alli ma saura guntaye uku a gwangwanin madara. Asabar bayan La'asar muke zama. Duk wanda ya yi kukan Malam a nan, ga wurin share hawaye.

Na ji fa'ulun, na ji santsi da taɓo,
Wa zai kawo alli zauren gidana?

Gwaggo Mai Makulli · 22 Afrilu, 8:10 na safe

Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Mai Aruli · 22 Afrilu, 2:45 na rana

Gwaggo ki gafarce ni, sai yau na gani. Ƙanwata malamar lissafi ce a sakandare, na yi mata magana ta amsa. Zan kawo ta da kaina in tsaya daga waje. A turo mini kwatance ta waya.

Ina tafe Gwaggo da alli tuli,
Ƙanwata ta koya musu sau tara.

Bazazzagi · 22 Afrilu, 2:47 na rana

Ƙan-wa-ta. Dogaye uku a jere. Ina gajerar, Allah gafarta Malam?